Abin da Kar-ka-damu Ya Bari a Bayan Labule

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma ranar Litinin, tara ga watan Satumba, kai ka riga mu komawa, ya maƙwabcina mai gyaran keken ɗinki, wanda duk layinmu ya sani da suna Kar-ka-damu. Da hantsi babbar 'yarka, wadda kake kira Uwata, ta zo ta tsaya a ƙofar shagona, ba sallama, ba gaisuwa, sai kallon ƙasa. Ina tsakiyar ɗinka kayan 'yan makaranta na ɗago kai na ce, "Yaya jikin Baban naki?" Ta ce, "Baba Tela, ya tafi." Ni kuma don rashin kan gado sai na ce, "Ina?" Har yau idan na tuna wannan tambaya kunya takan kama ni. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa mutum irinka, da aikin da bai ƙare ba cike da shago, zai iya tashi ya tafi haka kawai ba.

Ciwon kai ka ce kana ji ranar Asabar. Ka bar keke a buɗe a kan teburinka, sukundireba a gefensa, ka leƙo ka ce in sa maka ido a shago, za ka je ka ɗan miƙe ka dawo. Na ce ka biya ta asibiti. Ka ba ni amsar da kake ba kowa a kan komai, wadda ta cinye sunanka na yanka har yaran layi ba su san kana da wani suna ba. Ka ce kar in damu, ni kuwa na ƙi damuwa, na ci gaba da aikina.

Na daɗe ina juya wannan ta'aziyya a raina kafin in zauna rubuta ta. An hore mu da ambaton alherin mamaci, kuma naka ba ya ƙirguwa. Sai dai akwai abin da muka tarar a bayan labulen shagonka bayan an kai ka makwancinka, wanda na rasa a wane ɓangare zan ajiye shi. In na sa shi cikin alheranka sai ya ƙi zama, in na sa shi cikin kurakuranka ma sai ya ƙi zama. Haƙƙin mutane ne, kuma yana wuyanka har sai an sauke shi, shi ya sa ba zan iya tsallake shi in yi ta yabo kawai ba. Ka yi haƙuri, maƙwabci, za a ji abin da ka ɓoye.

Tun gashin kaina yana baƙi muke zaune gefe da gefe, bangon katako ne kawai tsakaninmu. Ina jin tarinka, kana jin ƙarar almakashina. In ina son magana da kai ba sai na tashi ba, in ƙwanƙwasa bango, ka amsa da gindin sukundireba. Shagon naka kuwa ko makaho ya shiga zai gane shi da warin man keke da kananzir. Gwangwanayen madara a jere a kan kanta, kowanne cike da ƙananan ƙarafa, ba wanda ya san abin da ke cikin wanne sai kai. Tabaraunka ya karye tun tuni, ka ɗaure shi da baƙin zaren da ka karɓa a wurina. Daga can ciki akwai labule mai ruwan ƙasa wanda ya raba shagon biyu, kuma ni na ɗinka maka shi da hannuna. Ka ce ƙura ce ke damun kekunan mutane.

Ba na jin zan sake ganin mai kunne irin naka. Keke yana aiki a shago na uku, kana zaune a naka, za ka ce wance ta sa allura a karkace. Sau nawa ka shigo mini ba tare da na kira ka ba, da 'yar butar manka a hannu, ka ce, "Tela, tashi, wannan bawan Allah ƙishirwa yake ji, kai ba ka da tausayi." Ka ɗiɗɗiga masa mai, ka goge da gefen rigarka, ka fita ko godiya ba ka tsaya karɓa ba.

Na tuna matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara da keke ɗaya, keken ya tsaya mata ana gobe za ta miƙa ɗinkin mutane. Ana sheƙa ruwan sama ka naɗe kayan aikinka a leda, ka bi ta a ƙafa har gida, ka dawo sharkaf kana dariya, wai keken ne ya yi fushi don ba a gaishe shi. Na tuna dattijon tela da idonsa ya yi rauni, wanda kake biyawa kullum da safe don kawai ka zura masa zare a allura ka daidaita masa ɗinki. Ba a taɓa zuwa ƙofarka da keke a ka da hawaye a ido an koma da shi a lalace ba. Mu teloli har alfahari muke yi da kai a gaban telolin wasu unguwanni, muna cewa mu kekenmu ba ya kwana a mace. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa daga ina kake samo kayan gyara da sauri haka, alhali ba mu taɓa ganin ka rufe shago ka tafi sayo su ba.

Akwai wani shiri da ake yi a rediyo a kan kurakuran da ke hana masu ƙananan sana'o'i ci gaba. Wata rana na ƙure muryar rediyon don ka ji, kuma duk kuskuren da mai shirin ya ambata sai in ƙwanƙwasa maka bango. Ya ce akwai wanda ba ya iya cewa a'a, yana karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa, na ƙwanƙwasa. Ya ce akwai wanda ba ya yanka farashi, sai dai a ba shi abin da ya sauwaƙa; na ƙwanƙwasa. Ya ce akwai mai yin alkawarin ranar da shi kansa ya san ba za ta yiwu ba, don kawai kada ya ga ran mutum ya ɓaci a gabansa. Na ƙwanƙwasa har sau biyu. Da ya zo kan wanda ke riƙe komai a hannunsa shi kaɗai, ba ya koya wa kowa, ba ya aiken kowa, sai na ji shiru daga ɓangarenka. Can sai ga kanka ya leƙo ta ƙofa, ka ce, "Tela, wannan mutumin a unguwarmu yake ne? Ka tambaye shi in akwai wanda ya rage ban yi ba, in ƙarasa." Muka yi dariya har mai shagon gefe ya fito. A lokacin na ɗauka abin dariya ne, yanzu ban san abin da muke wa dariya ba.

Maganar koya wa wani kuwa, ita ce kaɗai muka taɓa yin sa-in-sa a kanta. Uwata ta tashi a gindin teburin nan naka, tana miƙa maka filaya tun ba ta kai tsawon teburin ba. Ta yi aure, ta haihu, rayuwa ta dawo da ita gida da 'ya'yanta, ta roƙe ka ka bar ta ta riƙa kama maka aiki. Ka yarda ta wanke ƙarafa a kananzir, ka yarda ta share shago daga labule zuwa ƙofa, amma ba ka taɓa barin ta sa sukundireba a keken mutane ba, kuma ba ka taɓa barin ta ɗaga labulen ba. Na ce maka yarinyar nan tana da hannu. Ka ce ka sani, hannunka ne ta ɗauko, sai an ɗan sami sarari za ka zaunar da ita. Sararin bai zo ba.

Yanzu bari in kawo labarin tayar. Shekaru biyu da suka wuce rufin shagona ya yi yoyo, na ja teburin keke don in kauce wa ruwa, kan keken ya sulluɓe ya faɗi. Tayar nan da ake juyawa da hannu ta dare gida biyu. Lokacin komawa makaranta ne, kaya jibge, iyaye na sintiri. Na ɗauki keken na shigo maka da shi kamar mai ɗauke da mara lafiya. Ka duba, ka ce irin wannan tsohon keken ba a samun tayarsa sai a babbar kasuwa, tafiyar yini guda. Ka dubi fuskata, ka ce kar in damu. Ka shige bayan labule, aka ɗan jima ka fito da taya ka ɗaura mini. Koriya ce, kekena kuwa baƙi ne wuluk. Na ce wannan ai kamar an sa wa tsoho hular yara. Ka ce, "Launi kake ɗinki da shi ko taya?" Na koma na gama aikina a kan lokaci, na yi ta sa maka albarka. Masu kawo ɗinki suka riƙa tsokanata da koriyar taya, har ta zama alamar shagona.

Akwai wata baiwar Allah da muke kira Mai Maɓalli. Mace ce mai shiru, ba ta da shago, takan zagaya wurin teloli ta karɓi aikin hannu, sa maɓalli da kalmasa da ɗaurin baki, ta je gida ta yi ta kawo. A wurina ta fi samun aiki. Takan zauna a kan bencin da ke daura da kekena tana jira in ware mata kaya, wani lokaci ta daɗe. Na san dai an ce da can tana ɗinki sosai, ban taɓa tambayar abin da ya raba ta da shi ba. Na ɗauka ciwon baya ne, ko dai irin abubuwan nan na gida.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, mutane suka fara zuwa neman kekunansu. Mai ɗakinka ta ba Uwata mabuɗi, ta roƙe ni in raka ta, tun da ni na fi kowa sanin shagon. Haka dai take tsammani. Muka buɗe, keken nan na ranar Asabar yana nan yadda ka bar shi, tabaraunka a kan kanta. Uwata ta tsaya a gaban labule ta daɗe, sannan ta ce, "Baba Tela, kai ka ɗaga." Na ɗaga.

Kawunan kekuna ne a jere daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne an lulluɓe shi da tsumma, a goge tas, ba ƙura ko kaɗan. Muka fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba gidan zare, wancan an cire masa haƙoran da ke jan yadi, na kusa da shi ba sandar allura. Babu guda ɗaya cikakke. Har da kekena na farko, wanda na fara sana'a da shi, na kawo maka tun shekarun baya na ce ka duba shi in ka sami lokaci, ba sauri nake ba. Na ɗaga shi na ji ba nauyi, na leƙa ciki na ga ƙwarangwal ne kawai ya rage.

Sai a lokacin na gane daga ina kayan gyaranka suke fitowa. In mai sauri ya zo yana kuka, sai ka shiga bayan labule ka ciro abin da yake bukata daga keken wanda ya ce maka ba sauri yake ba, da niyyar in ka je babbar kasuwa ka sayo ka mayar. Zuwa babbar kasuwa kuwa sai ka rufe shago yini guda, kai kuma ba ka iya rufe shago, don kullum da wani a ƙofa da keke a ka. Aika wani ba ka iyawa, don ba wanda ka koya wa ya san abin da zai sayo, kuma in ka aika sai ka faɗi abin da ke bayan labule. Gobe mai haƙurin ya zo tambaya, ka ce kar ya damu, ya tafi. In ya matsa, ka ciro daga na wani mai haƙurin ka haɗa masa. Haka abin ya yi ta juyawa shekara da shekaru, har kusan duk keken da ke ƙara a unguwar nan yana ɗauke da wani abu na keken da ya yi shiru.

To a nan hankalina ya rabu, kuma har yanzu bai haɗu ba. In ce cin amana ne? Mai cin amana yana tara wani abu, kai kuwa da tabarau ɗaure da zare ka mutu. In ce alheri ne? Alheri da kayan wani, ba da saninsa ba, ban san sunan da malamai za su ba shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ka taɓa wa kaya su ne waɗanda suka fi yarda da kai, masu kunya, masu kawaici, waɗanda ba sa iya ɗaga maka murya. Mai masifa kekensa ba ya kwana. Kai da ba ka iya ganin hawaye a gabanka, yaya aka yi ka iya da hawayen da ake yi a gida inda ba ka gani? Ko kuwa ba ka iya ba, shi ya sa kake goge su kullum kana lulluɓe su? Ina ma ka ƙwanƙwasa bango sau ɗaya ka ce, Tela, na shiga wani hali. Wallahi da na rufe nawa shagon na tafi maka kasuwar.

Da labari ya bazu, layi ya rikice. Wani ya zo yana ta kumfar baki a kan kekensa na ajiya da aka fafe, wai ashe macuci muke ta yabo. Bai gama ba sai wani ya tuna masa cewa keken da yake cin abinci da shi yanzu sau uku kana tashinsa a cikin sa'a guda, ya tambaye shi ko yana tsammanin daga sama kayan suka faɗo. Mutumin ya zauna a kan benci, shi ma ya shiga irin ruɗanin da nake ciki. Ƙanenka ya ce a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe komai, a ba mutane haƙuri, a mayar wa mai gini mabuɗinsa, magana ta mutu. Mai ɗakinka sai kuka take yi, don da wannan shagon ake hura wuta a gidan. Uwata ce ta ce ba za a kwashe ko ƙusa ɗaya ba. Ta ce mahaifinta yana kwance da kayan mutane a wuyansa, ita kuma ba za ta iya barci ba sai kowane keke ya koma hannun mai shi yana aiki. Ƙanenka ya ce wa zai gyara. Ta ce ita.

Muna cikin sauke kekunan kanta ta ƙasa na yaye wani tsumma, sai ga koren keke, kyakkyawa, yana ƙyalli. Komai nasa yana nan. Uwata ta leƙa cikinsa ta ce an ma riga an gyara shi, ga sabon ƙarfe nan da aka sa, abin da ya rage kawai a zo a ɗauka. Abu ɗaya ne babu, taya. Na tsaya ina kallon sandar da babu komai a kanta. Na tambayi na wane ne. Uwata ta ce ta tuna ranar da aka kawo shi, na Mai Maɓalli ne. Matar za ta tafi jinyar mahaifiyarta a lokacin, ta ce a gyara a hankali, ba sauri take ba.

Washegari Mai Maɓalli ta kawo mini aikin da ta gama, ta zauna a kan bencinta kamar kullum. Na rasa ta inda zan fara. Na ɗora hannu a kan tayar, na ce, "Baiwar Allah, kin san wannan?"

Ta ce, "Na san ta, Malam Tela. Tawa ce."

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun ranar da na fara ganinta. Ga ɗan tabon nan a gefe, ɗana ne ya buga mata cokali yana ƙarami."

Na ce don Allah me ya hana ta magana, shekara biyu tana zaune tana kallon ina juya tayarta. Ta gyara mayafinta ta ce, "Na ga kana cikin aiki, kuma a wurinka nake samun na cefane. Shi kuma duk sanda na je sai ya ce kar in damu. Mutum ne da ya yi wa kowa alheri, ni wace ce da zan tona shi?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na roƙe ta ta yafe maka. Ta ce ta yafe tun kana da rai, kuma ta je gaisuwa da zuciya ɗaya, don ranar da mahaifiyarta ta rasu kai ka fara isa gidan. Sannan ta ce, "Amma ina son kekena. Na gaji da sa maɓalli."

A ranar na ɗauki baƙin kekena na kai shagonka na ajiye a kan teburinka. Uwata ta ɗauki sukundirebanka, ta yi bisimilla. Wannan ne karo na farko da ta taɓa keken wani, kuma nawa ne. Ta kwance tayar cikin natsuwa, ta goge ta, ta ɗaura wa koren keke, ta juya. Da ka ji yadda ya amsa, maƙwabci, da ka ce gyaran hannunka ne, kuma ai naka ne, tun shekara biyu yake jira.

Ni kuwa na tsaya ina kallon nawa ba taya, ga kayan 'yan makaranta jibge suna jirana, ga lokaci ya ƙure. Idona ya kai kan wani keke a kanta ta sama wanda tayarsa za ta shiga nawa daidai. Ban san sanda bakina ya ce, "'Yata, wancan fa mai shi ya yi tafiya, ko za ki ɗan ara mini zuwa jibi?" Ta ajiye sukundireba ta dube ni. Idonta irin naka ne sak, amma abin da ya fito daga bakinta ba naka ba ne.

Ta ce, "A'a, Baba Tela. Ranar Alhamis zan rufe shago in tafi babbar kasuwa, in an samu ka sami kekenka Juma'a, in ba a samu ba zan faɗa maka. Kuma zan gaya maka kuɗinsa kafin in taɓa."

Na ce, "To ni yanzu yaya zan yi da iyayen yaran nan?"

Ta ce, "Ka ɗan damu, Baba. Ka je ka gaya musu gaskiya."

Na je na gaya musu. Wasu sun yi haƙuri, wasu sun kwashe yadinsu sun kai wani wuri, kuma ban ga laifinsu ba. Da kana nan da tuni na gama ɗinkin nan ina sa maka albarka, wata baiwar Allah kuma tana can tana jira. Na ji zafin a'ar da 'yarka ta ce mini, na kuma san ita ce daidai, amma duk da haka kai nake kewa. Ka ga irin ruɗanin da ka bar ni a ciki. Shirun da kekena ya yi ne ma ya ba ni sararin zama in rubuta wannan. Mai Maɓalli ba ta da teburi tukuna, don haka Uwata ta ba ta gefe a shagon, inda labulen yake a da, domin Uwata ta riga ta sauke shi ta naɗe ta kawo mini. Ina zaune a nan ina jin ƙarar koren keke ta cikin bango. Jiya bisa sabo na ƙwanƙwasa don in ce maka ka ji yadda yake tafiya, sai da hannuna ya sauka na tuna.

Ina roƙon duk telan da wannan rubutu ya iske, ya buɗe kekensa ya duba. In ka ga wani ƙarfe da bai yi kama da 'yan'uwansa ba, ka kai wa Uwata ta gani, don wataƙila akwai mai jiransa. Masu kekunan da suka yi shiru kuma, ina roƙonku don girman Allah ku ƙara haƙuri kaɗan, ku yafe masa, za a mayar muku da kayanku ɗaya bayan ɗaya. Nawa na farko da aka fafe na yafe duniya da lahira, in akwai sauran abin amfani a jikinsa a cire a sa wa wani, wannan karon da sanin mai shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙurin zama da mutumin da kowa ke da rabo a cikinsa. Ga Uwata da ƙannenta da jikokinka. Ga ƙanenka da sauran dangi. Da dukan telolin da za su fara koyon yadda ake jira. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya sa albarka a hannun da ya ɗauki sukundireban, Ya tsare shagon ya ci gaba da ciyar da gidan.

Kai kuma maƙwabcina, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Shi Ya san niyyar da ka shiga bayan labule da ita, kuma Shi ba Ya ruɗewa kamar yadda na ruɗe. Allah Ya sauke maka nauyin mutane, Ya karɓi alheranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka da kalmar nan da ka yi rayuwarka kana tarbar mutane da ita, su ce maka kar ka damu, kuma a wannan karon ya zama babu wani abin damuwa da ya rage. Amin.